Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani Game da Tattara Bayanan Gwajin HIV a Yola da Jimeta

Duk shekara idan 1 ga Disamba ta zagayo, ranar da duniya ta ware don yaƙi da cutar ƙanjamau, akan ji jami'an lafiya a gidajen rediyon Yola suna karanto alƙaluma: mutum kaza aka yi wa gwaji, kaza aka samu ɗauke da ƙwayar cutar, kaza ke kan magani. Mafi yawan waɗannan alƙaluma an tattaro su ne layi bayan layi daga manyan littattafan rajista da ke kan teburin ma'aikatan lafiya, tun daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola da Asibitin Ƙwararru na jiha da ke Jimeta, har zuwa ƙananan asibitocin sha-ka-tafi na unguwanni irin su Jambutu, Doubeli, Nassarawo da Ngurore. Da su ake yanke shawarar inda za a kai magani da inda za a tura ma'aikata. Don haka ingancinsu ya shafi kowa, har da wanda bai taɓa shiga ɗakin gwaji ba.

Me ake nufi da sa ido da bayar da rahoto?

HIV ƙwayar cuta ce da ke raunana garkuwar jiki sannu a hankali. Mutum na iya ɗaukarta shekaru yana harkokinsa lafiya lau, babu wata alama da ido zai gani. Idan ba a sha magani ba, garkuwar kan karye, cututtuka irin su tarin fuka su samu ƙofar shiga, kuma wannan matakin ne ake kira ƙanjamau. Gwaji ne kaɗai hanyar sanin matsayin mutum.

Hidimar gwaji ta wuce ɗiban jini kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, a jagorar da ta fitar a 2015, ta jaddada sharuɗɗa biyar: a samu yardar mutum, a riƙe masa sirri, a ba shi shawara, a ba shi sakamako sahihi, sannan a haɗa shi da magani ko hanyoyin kariya gwargwadon abin da gwajin ya nuna.

Sa ido shi ne bibiyar wannan aiki a kai a kai ta hanyar rubuta abin da aka yi da kuma duba shi: mutum nawa suka zo, nawa suka karɓi sakamako, nawa suka fara magani. Bayar da rahoto shi ne miƙa taƙaitaccen bayanin daga asibiti zuwa ƙaramar hukuma, zuwa jiha, zuwa tarayya, a kan fom iri ɗaya kuma a lokacin da aka tsayar. Akwai abu na uku da ake kira kimantawa, wanda ake yi jefi-jefi don gano ko shirin gaba ɗaya yana rage yaɗuwar cutar. Sa ido aikin kullum ne, kimantawa kuwa sai bayan 'yan shekaru.

Dalilin da ya sa ake ƙirga

An fara ba da rahoton samun ƙanjamau a Najeriya a 1986. Daga 1991 gwamnati ta riƙa auna yaɗuwar cutar ta hanyar gwada jinin mata masu zuwa awon ciki a wasu zaɓaɓɓun asibitoci. Wannan ma'auni ya nuna kashi 1.8 cikin 100 a 1991, ya hau zuwa 5.8 a 2001, sannan ya sauko zuwa 3.0 a 2014. Sai dai matan da ke zuwa awo ba sa wakiltar dukkan al'umma, domin babu maza a cikinsu, babu tsofaffi, babu matan karkara da ke haihuwa a gida.

Wannan ne ya sa aka gudanar da babban binciken gida-gida a 2018, wanda aka fi sani da NAIIS, inda aka gwada mutane fiye da 200,000 a faɗin ƙasa. Shugaba Muhammadu Buhari ya bayyana sakamakon a watan Maris na 2019: kashi 1.4 cikin 100 na masu shekaru 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ƙwayar cutar, kuma jimillar masu ita a ƙasar ta kai kimanin miliyan 1.9. A tsakanin mata adadin ya kai kashi 1.9, a tsakanin maza 0.9. Yankin Arewa maso Gabas ya samu kashi 1.1. Adamawa ta ɗan haura kashi 1, yayin da maƙwabciyarta Taraba ta doshi kashi 3. Kafin binciken, ƙiyasin ƙasa ya kusan ninka kashi 1.4 ɗin nan. Wani ɓangare na wannan ragi ya samo asali ne daga ingancin sabon ma'aunin, kuma bayan fitowarsa an sake fasalin rabon kuɗi da ma'aikata tsakanin jihohi.

Dalili na biyu shi ne burin da ƙasashen duniya suka amince da shi ƙarƙashin hukumar UNAIDS ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ake kira 95-95-95: kashi 95 na masu ɗauke da cutar su san matsayinsu, kashi 95 na waɗanda suka sani su hau magani, kashi 95 na masu shan magani ƙwayar cutar ta kwanta a jininsu. Idan an cika duka ukun, kimanin mutum 86 cikin kowane 100 masu cutar za su kai matakin da ƙwayar ta kwanta, kuma wanda gwaji ya daina ganin ƙwayar a jininsa ba ya sanya wa abokin zamansa ta hanyar saduwa. Kashi 95 na farko yana rataye ne kacokan a kan bayanan gwaji.

Dalili na uku na yau da kullum ne. Tsinken gwaji yana da ranar lalacewa, kuma ana raba shi ne bisa rahoton abin da kowane asibiti ya yi amfani da shi. Asibitin da ya rage adadinsa a rahoto, kayan gwaji za su yanke masa, mata masu ciki su koma gida ba a gwada su ba. Wanda ya ƙara kuwa, kayan za su lalace a sito alhali wani wuri na nema.

Abin da ake rubutawa a ɗakin gwaji

Idan mutum ya zauna gaban mai ba da shawara, abin da ake fara cikewa shi ne fom ɗin karɓar baƙo. A nan ake rubuta shekarunsa, jinsinsa, unguwarsa, lambar wayarsa, ko yana da aure, da kuma ko ya taɓa yin gwajin a baya da abin da ya nuna. Ana ba shi lamba ta musamman wadda za ta riƙa tsaya masa a madadin suna. Ana kuma rubuta ƙofar da ya shigo ta cikinta: da kansa ya zo, likita ne ya turo shi daga ɗakin marasa lafiya, daga sashen tarin fuka yake, daga awon ciki, ko kuwa an gayyato shi ne saboda an samu matarsa ko mijinta da cutar.

Daga nan sai a soki yatsa, a ɗiga jini a kan tsinke, a ɗora sinadari, a jira kimanin minti 15. Tsarin da Najeriya ta daɗe tana bi shi ne na gwaji bi-da-bi. Ana farawa da tsinken gwaji mai suna Determine. Idan bai nuna komai ba, an gama. Idan ya nuna, sai a tabbatar da Uni-Gold. Idan biyun suka saɓa, STAT-PAK ne ke raba gardama. A 2019 WHO ta ba da shawarar cewa a ƙasashen da ba a cika samun masu cutar a cikin waɗanda ake gwadawa ba, kada a ce wa mutum yana da ita sai gwaji uku a jere sun nuna. Kowane mataki yana da gurbinsa a rajista, tare da lambar kwalin da aka ɗauko tsinken da ranar lalacewarsa. Amfanin wannan shi ne, idan aka ga gwajin farko da na biyu suna yawan saɓawa a wani asibiti, za a iya bin sawu a gano ko kwalin ne ya lalace, ko zafi ya taɓa shi, ko kuma ma'aikaci ne ke karanta sakamako kafin lokaci. A garin da zafin watan Maris da Afrilu ke wuce digiri 40, ajiyar kayan gwaji abu ne da ake sa wa ido sosai.

Akwai wani lokaci da ake kira tazarar ɓuya, wato daga ranar da ƙwayar ta shiga jiki zuwa ranar da gwaji zai iya gano alamarta, wanda kan kai wata uku. Saboda haka wanda bai daɗe da shiga haɗarin kamuwa ba akan ba shi ranar dawowa, kuma ita ma ana rubuta ta.

Gurbi na ƙarshe a layin shi ne mafi nauyi: ina aka tura wanda aka samu da cutar, kuma ya isa? Tun 2016 manufar Najeriya ita ce duk wanda aka tabbatar yana da HIV ya fara magani ba tare da jiran jikinsa ya yi rauni ba. Idan gurbin ya zauna babu komai, ma'anarsa akwai wani mutum da ya ji labari mai nauyi, ya fita ƙofar asibiti, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Daga rajista zuwa Abuja

A ƙarshen wata, jami'in bayanai na asibiti kan buɗe rajistar ya ƙirga layukan, ya rarraba su gida-gida: maza da mata, rukunin shekaru, ƙofar shigowa, sakamako. Jimillar ce yake zubawa a fom ɗin taƙaitawa na wata, wanda babu sunan kowa a cikinsa. Shugaban asibiti ya sa hannu, a miƙa wa jami'in sa ido na ƙaramar hukuma. Asibitocin Jimeta suna ƙarƙashin Yola ta Arewa, na cikin gari da kewaye suna ƙarƙashin Yola ta Kudu, na tsallaken kogin Binuwai kuma Girei. Haka abin yake a dukkan ƙananan hukumomi 21 na jihar.

Ana shigar da alƙaluman a wata manhaja ta intanet mai suna DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ta ƙirƙiro, kuma ƙasashe da dama na Afirka da Asiya ke amfani da ita wajen tattara bayanan lafiya. Da zarar an shigar, Ma'aikatar Lafiya ta jiha a Yola da sashen yaƙi da cutar na Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, NASCP, suna iya gani. Hukumar NACA, wadda doka ta kafa a 2007, ita ke daidaita aikin dukkan ɓangarori a matakin ƙasa, takwararta a jiha kuma ita ce ADSACA. Wannan tsari ya samo asali ne daga wata yarjejeniya ta 2004 da ta nemi kowace ƙasa ta kasance da tsarin aiki ɗaya, hukumar daidaitawa ɗaya, da ma'aunin sa ido ɗaya.

Akwai hanya ta biyu da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da wannan. Manyan asibitocin da ke ba da magani suna ajiye tarihin kowane majinyaci a kwamfuta, kuma daga nan bayanan ke hawa zuwa rumbun bayanai na ƙasa, NDR, bayan an cire suna da adireshi. Masu ba da tallafi su ma suna da nasu buƙatun. Shirin PEPFAR na Amurka, wanda Shugaba George W. Bush ya kafa a 2003, yana da nasa jerin ma'aunai da ake cikewa duk wata uku, haka ma asusun Global Fund da aka kafa a 2002 yana da nasa. Sau da yawa ma'aikaciya ɗaya ce ke gwaji, ita ke ba da shawara, ita ke cike takardun nan duka, ga layin marasa lafiya na jira a waje.

Yadda ake karanta alƙaluman

Adadin waɗanda aka gwada shi ne aka fi yayatawa, amma shi kaɗai bai faɗi abu mai yawa ba. Masana sun fi duba kason waɗanda aka samu da cutar cikin waɗanda aka gwada, da kason waɗanda suka fara magani cikin waɗanda aka samu.

Ga misali na koyarwa kawai. A ɗauka wani asibiti ya gwada mutum 400 a wata, aka samu 6. Kason ya zama 1.5 cikin 100. Wani kuma ya gwada mutum 60 kacal, dukkansu mazaje, mata da 'ya'yan waɗanda aka riga aka samu da cutar, aka samu 9, wato kashi 15. Na biyun ya yi amfani da tsinke kaɗan ya gano mutane da yawa, shi ya sa shirye-shirye suka karkata ga bin iyalan wanda aka samu, bisa yardarsa. Amma wannan ba ya nufin a daina irin aikin na farko. Idan matan awon ciki ne mutum 400 ɗin, gwada su duka wajibi ne ko da ɗaya za a samu, domin uwar da ba ta shan magani tana iya sanya wa jaririnta da yiwuwar kashi 15 zuwa 45 cikin 100, magani kuma yana sauko da hakan ƙasa da kashi 5. To, idan cikin mutum 6 ɗin nan 4 ne kawai suka fara magani, tambayar da ta dace a taron wata ita ce ina sauran biyun suka shiga.

Akwai kuskuren fahimta guda da ya kamata a kiyaye. Kason da asibiti ya samu ba shi ne yawan cutar a gari ba. Waɗanda ke zuwa babban asibiti galibi marasa lafiya ne, kuma asibitocin Yola da Jimeta suna karɓar mutane daga Numan, Ganye, Fufore, Song, Mubi, har da Taraba da tsallaken iyakar Kamaru. Wasu ma da gangan suke baro garinsu don kada a gan su a asibitin unguwa. Rajista tana ƙirga mutum a inda aka yi masa hidima, don haka alƙaluman babban birni sukan kumbura, na karkara su ragu. Wanda ya ɗauki kason wani asibiti ya ce haka cutar take a Jimeta, ya zalunci mutanen Jimeta.

Haka kuma rajista ba ta san wanda bai zo ba. Don a san yawan masu cutar da ba su san matsayinsu ba, sai an haɗa bayanan asibiti da na binciken gida-gida da ƙidayar jama'a a cikin wata manhajar ƙiyasi mai suna Spectrum. Abin da rajistocin ke nunawa a fili shi ne mata sun fi maza yawa a layin gwaji, saboda awon ciki yana kawo su. Magidanta da samari, direbobi da 'yan kasuwa da masunta, sau da yawa sai ciwo ya kwantar da su ake ganinsu.

Inda kuskure ke shigowa

Babbar matsala ita ce ƙirga mutum ɗaya sau biyu ko fiye. Rajista tana ƙirga gwaji ne, kamar yadda takardar sunayen fasinjoji a tashar Jambutu ke ƙirga tafiya: wanda ya je Gombe sau uku a wata zai fito sau uku, alhali mutum ɗaya ne. Wanda aka gaya wa yana da cutar yakan kasa yarda. Sai ya je wani asibiti ya sake gwaji, ya ce bai taɓa yi ba. Wani kuma ya je wajen mai maganin gargajiya ko wurin addu'a, aka ce masa ya warke, ya dawo ya tabbatar. Wani ya daina shan magani shekara guda, yana jin kunyar komawa inda aka san shi, sai ya sake shiga a matsayin sabo a wani wuri. Kowanne daga cikinsu ana rubuta shi a matsayin sabon kamu.

Yanayin Adamawa yana ƙara wa wannan wuya. Jiha ce mai harsuna da yawa: Fulatanci, Hausa, Bachama, Bata, Chamba, Kilba, Margi, Kamwe da sauransu. Suna ɗaya kan fito da rubutu iri-iri. Muhammadu a wannan kati, Hamman a wancan, Mamman a na uku. Da yawa ba su riƙe ranar haihuwa ba, sai a ƙiyasta shekaru da ido. Lambar waya kan zama ta miji ko ta maƙwabci. Adireshi kuma kan tsaya a "bayan masallaci" ko "kusa da famfo".

Sai kuma ƙaura. Lokacin da Boko Haram ta kama Madagali da Michika, sannan Mubi a ƙarshen Oktoban 2014, dubban mutane sun kwararo Yola da Jimeta. Wasu sun zauna a sansanoni irin su Malkohi da Damare, wasu a harabar majami'ar Saint Theresa, mafi yawa kuma a gidajen 'yan uwa. Wanda ya gudu da kayan jikinsa kaɗai ba ya ɗauke da katin asibiti. A takarda, irin wannan mutum ya ɓace a garinsu kuma ya bayyana a matsayin sabo a Yola. Ambaliyar Binuwai, irin ta 2012 da ta 2022, da zirga-zirgar makiyaya da masu fatauci tsakanin Najeriya da Kamaru, suna haifar da irin wannan giɓi a kowace shekara.

Akwai kuma gwaje-gwajen da ba sa shiga lissafi sam. Majami'u da dama da wasu limamai suna neman takardar gwaji kafin ɗaurin aure, kuma a Kano ma an mayar da hakan doka a 2024. Da yawa daga masu shirin aure ɗakunan gwaji masu zaman kansu suke zuwa, waɗanda ba duka ke aika rahoton wata ba. Haka gwajin kai-da-kai irin OraQuick, wanda ake goga wa a dasashi a gida. Ana iya ƙirga adadin da aka raba, amma sakamakon yana wurin mai shi, sai idan ya zo asibiti a tabbatar.

Nau'i na ƙarshe ya fi sauran haɗari, domin daga cikin tsarin yake fitowa. Idan aka ɗora wa ma'aikaci adadin da dole ya cika a wata, kuma alawus ɗinsa ko ci gaban kwantiraginsa ya rataya a kan haka, an buɗe ƙofar cike layi da sunayen da babu su, ko sake gwada wanda aka san yana da cutar don a ƙara lamba. Wannan ha'inci ne, kuma alhakinsa bai tsaya kan ƙaramin ma'aikaci ba, ya haɗa da wanda ya tsara ma'aunin da ke saka wa yawa ya manta da gaskiya. Illarsa ita ce hukuma ta ɗauka an kusa cin ma buri, ta janye hannu daga inda ake da buƙata.

Yadda ake tantancewa

Ana auna ingancin bayanai da tambayoyi kaɗan: duk asibitoci sun aiko? Sun aiko a kan lokaci? An cike kowane gurbi? Abin da ke fom ya yi daidai da abin da ke rajista? Masu duba aiki daga ƙaramar hukuma ko jiha sukan zo su zaɓi wata guda, su sake ƙirga layukan da hannunsu, su kwatanta da abin da aka aika. Sukan kuma kwatanta yawan gwajin da aka ce an yi da yawan tsinken da ya fita daga sito. Asibitin da ya ba da rahoton gwaji 500 alhali tsinke 300 ya karɓa, yana da bayanin da zai yi.

Don magance ƙirga mutum sau biyu, an shigo da ɗaukar zanen yatsa a cibiyoyin ba da magani, ta yadda kwamfuta za ta gane mutum ko da ya canza suna ko gari. Dabarar tana aiki, amma tana buƙatar wutar lantarki da intanet, kuma wasu majinyata suna ɗari-ɗari da ita har sai an yi musu bayani mai gamsarwa game da wanda zai iya ganin bayanan.

Abin da ya fi duk waɗannan tasiri shi ne bayanai su dawo ga waɗanda suka tattara su. Ma'aikaciyar da ke aika fom kowane wata ba tare da ta taɓa jin abin da ya biyo baya ba, za ta ɗauke shi wahalar banza. Wadda ke zama da abokan aikinta su duba nasu alƙaluman, su ga cewa mata uku da aka samu a awon ciki ba su dawo ba, su tura a nemo su cikin hikima, ita ce za ta riƙa cike rajista da kulawa.

Sirri da doka

Duk wannan gini yana tsaye ne a kan amana. Mutum ba zai faɗi sunansa na gaskiya da lambarsa ba idan yana tsoron labarin zai riga shi isa gida. A unguwar da mai gwaji ka iya zama 'yar maƙwabta ko surukar aboki, wannan tsoro yana da dalili. Fallasa ɗaya tana iya raba aure, ta kori mutum daga aiki, ta kuma hana mutum goma zuwa gwaji.

Dokar hana nuna wariya ga masu HIV ta 2014 ta haramta bayyana matsayin mutum ba da yardarsa ba, ta kuma haramta sanya gwajin a matsayin sharaɗin ɗaukar aiki. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin waɗanda ke buƙatar kariya ta musamman. A aikace, wannan na nufin rajista ta kwana a kabad mai makulli, kada a bar ta buɗe a kan tebur inda mai jiran layi zai leƙa, kwamfuta ta kasance da kalmar sirri, kuma kada a ɗauki hoton shafin rajista a tura ta WhatsApp don saurin haɗa rahoto. Idan za a kira mutum a waya ko a je gidansa, sai da iznin da ya bayar tun farko, kuma ba a ambaton cutar ga wanda ya ɗauki wayar.

Wa ke biyan kuɗin aikin?

Shekaru da dama, babban kaso na aikin HIV a Adamawa ya jingina ne da tallafin Amurka ta hannun hukumar USAID da ƙungiyoyi irin su FHI 360 da AHNi. Tallafin ya haɗa da kayan gwaji, buga rajistoci, kwamfutoci, kuɗin data, da alawus na yawancin masu shigar da bayanai. A watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje don sake nazari, daga baya kuma aka rufe USAID a tsakiyar shekarar, aka mayar da sauran ayyukanta ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje. An bar ƙofar ci gaba da ba da magungunan ceton rai, kuma Gwamnatin Tarayya ta ware ƙarin kuɗi don cike giɓi.

Abin lura shi ne, idan kuɗi ya ragu, masu aikin bayanai na cikin waɗanda ake fara sallama, saboda ana ganin ba su ne ke ba da magani ba. Amma idan babu su, babu mai sanin wanda ya daina zuwa karɓar magani, babu mai sanin asibitin da kayansa suka kusa ƙarewa. Bayanan lafiyar mutanen Adamawa dukiyar jihar ce. Ya dace a ce jami'an bayanai na asibitoci suna cikin ma'aikatan gwamnati na dindindin, kuɗin buga rajista da na zuwa duba aiki suna cikin kasafin jiha da na ƙananan hukumomi, kuma ɗakunan gwaji masu zaman kansu suna aika rahotonsu kamar kowa.

Abin da ya rage gare ka

Idan ka je gwaji, kana da haƙƙin a yi maka bayani da harshen da kake ji, a nemi yardarka, a ba ka sakamakonka kai kaɗai, kuma kana iya tambayar inda za a ajiye takardarka da wanda zai gan ta. A naka ɓangaren, idan an tambaye ka ko ka taɓa yin gwajin, faɗi gaskiya, ko da a wani gari ka yi, ko da ka taɓa fara magani ka daina. Ba za a kore ka ba, za a ɗora ne daga inda ka tsaya. Ka ba da lambar wayar da kai ke riƙe da ita. Idan za ka bar Yola ko Jimeta zuwa wani gari, ka karɓi takardar canjin asibiti kafin ka tafi. Idan kuma ba ka taɓa yin gwajin ba, musamman kai magidanci da ke raka iyali awon ciki ka tsaya a bakin ƙofa, ka shiga a gwada ku tare. Maganin HIV kyauta ake ba da shi a asibitocin gwamnati da aka ware don haka.